Ina Mai Keke Zai Kwana?

Ran nan da la'asar na biyo ta wata fada ta samari a nan Madarunfa. Suna zaune a inuwar dogon yaro, butar shayi na kan gawayi, musu ya kaure har ba su ji sallamata ta farko ba. Kan wani saurayi ɗan ƙasar Gini ake musun, Mamadu Safayu Bari, wanda a 2023 ya hau keke shi kaɗai ya nufi Masar don neman ilimi a Azhar. Ya ratso Mali da Burkina Faso da Togo da Benin, ya keta ƙasarmu Nijar har ya faɗa Cadi, tafiyar kilomita wajen 4,000 cikin wata huɗu. Wani ya kawo labarin Aliyu Abdullahi Bala, mutumin Jos, da ya bar gida a kan keke a farkon 2021 ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022. Sai ɗaya daga cikinsu, wanda muka yi makarantar allo da mahaifinsa, ya gyara zama ya ce, "Baba, ni ma fa na ɗaura niyya. In Allah ya kai mu kaka zan hau nawa in je Damagaram. In na ga da hali, in zarce."

Na ce, "Madalla, ɗana. Allah ya cika maka. To, ina za ka kwana?"

Ya yi shiru. Sauran ma suka yi shiru.

Na ji daɗin niyyarsa har cikin raina, domin ni ma na taɓa ɗaura irinta na kuma cika. Amma na lura duk lissafinsu na kilomita ne: nawa za a ci a wuni, taya nawa za ta ƙare, wane keke ya fi gudu. Ba wanda ya ƙirga darare. Wata huɗun Mamadu darare ne kusan 120, kuma kowane ɗaya sai rana ta faɗi a kansa a inda ba a san uwarsa ba, ba a san ubansa ba. Sau uku aka tsare shi a hanya, biyu a Burkina, ɗaya a Togo. Ƙarshen labarin ma, wanda samarin suka tsallake, shi ne ya fi tsaya mini. Da ya isa Cadi, yaƙi na ci a Sudan tun watan Afrilu. Wani ɗan jarida ya ba da labarinsa, sai mutanen da ba su haɗa dangi da shi ba suka haɗa kuɗi suka biya masa jirgi. Ya sauka Alƙahira a watan Satumba, Azhar ta karɓe shi ta ɗauke masa nauyin karatu. Ƙafafunsa sun yi nasu aikin, hannun mutane ya ƙarasa sauran.

Saboda haka nake rubuto muku wannan, ku 'ya'yana da ke kallon keke kuna hango nesa. Cikin matafiya duka ba wanda ya kai mai keke buƙatar mutane. Mai mota in gari bai yi masa ba sai ya taka ta zuwa na gaba. Mai keke kuwa inda ƙarfinsa ya ƙare nan ne masaukinsa. Ruwan da zai iya ɗauka 'yan lita ne, guzurinsa na kwana biyu ne ko uku. Kowace safiya yana fita shi kaɗai, kowace yamma yana shiga hannun wani. Wanda zai yi wannan tafiya, sana'ar da ya kamata ya fara koya ita ce baƙunta.

Mu Hausawa ba baƙinta ba ne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kuma ba da ƙarfin jaki kaɗai suka yi ba. Akwai madugu da ya san rijiyoyi da sarakunan hanya. Akwai zango inda ake sauke kaya. A manyan kasuwanni akwai fatoma, mai masaukin da zai ba ka ɗaki, ya adana maka dukiya, ya tsaya maka in rigima ta taso. Har yau in ka je Kumasi ko Akara ko Lome, unguwar da baƙin arewa suka kafa zango ake ce mata. Alhazan ƙasa da suka bi ta Cadi da Sudan a ƙafa, wasu shekaru suka yi suna noma wa mutane suna ci gaba, wasu ma can suka zauna, jikokinsu na nan a bakin Kogin Nilu. Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa da Gazawa a Janairun 1851 ya nufi Katsina da Kano. Garinmu kansa ya saba da baƙi. Masu ziyara na zuwa daga nesa saboda kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafki, masunta da masu sayen kifi na zuwa, kuma mun tashi mun tarar a kowane babban zaure da tabarmar da ba ta kowa ba ce sai wanda dare ya riska.

Wannan tabarmar gado ce. Wasu da ba ka sani ba suka kwana a kanta kafin kai, suka tashi lafiya ba su ɓata wa mai gida rai ba, shi ya sa aka bar ta a shimfiɗe har ka iso.

Yadda za ka shiga gari shi ne rabin aikin. Ka tsara tafiyarka yadda la'asar sakaliya za ta same ka a inda za ka kwana, da sauran haske a ga fuskarka. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa bayan lisha, ko waliyyi ne, tsoro ya kawo. Da ka hango bakin gari ka sauka ka turo keken da hannu. Ka cire gilashin ido da abin kunne, ka kwance rawanin da ka rufe hanci saboda ƙura. Ka nufi masallaci, ka yi alwala, ka bi jam'i. Bayan an sallame ka gai da liman, ka faɗi sunanka da na mahaifinka, da garin da ka fito, da inda za ka. Ka ce dare ya yi maka, kana neman inda za ka sa haƙarƙari. Daga nan ka roƙi a raka ka wurin maigari. Kada ka ga wannan ɓata lokaci ne. In maigari ya san da kai, ka zama baƙon gari, wanda ya sauke ka kuma ya sami kariya in gobe wani ya tambaye shi wane ne ya kwana a zaurensa. Kuma kada ka zaɓi gida da kanka don ka ga rufin kwano ko hasken lantarki. Inda aka kai ka, nan ne rabonka.

Zan ba ku labarin da na daɗe ina ɗauke da shi. A ɗarin 1985 na hau keken yayana na nufi Damagaram. Shekarar da ta biyo bayan farin 1984 ce, rumbuna wayam, iyakar Najeriya a rufe, hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Ina saurayi lokacin, jini na tafasa, yunwar gari ba ta hana ni sha'awar ganin duniya ba. A kwana na biyu iska ta tare ni tun safe, na yi faci har sau uku, sai gab da magariba na faɗa wani ƙauye tsakanin Gazawa da Tasawa. Liman ya haɗa ni da wani magidanci. Mutumin ya karɓe ni da fara'ar da har yau nake ganinta. Ya share zaure, ya kawo ruwa a shantali, bayan lisha ya fito da akushin tuwon gero da miyar kuka. Ya ce, "Bismilla, baƙo. Mu mun riga mun ci."

Na ci. Na cinye tas, har na suɗe akushin da yatsa.

Cikin dare na farka na ji kukan yaro a cikin gida, irin kukan nan mara ƙarfi da ba na rigima ba. Na ji muryar uwarsa ƙasa-ƙasa tana lallashi, tana cewa ya yi haƙuri, gari ya kusa wayewa, za ta dama masa. Nan take na gane tuwon wa na ci. Ba wanda ya ci komai a gidan nan a daren. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a jakar da na tada kai da ita akwai garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari da mahaifiyata ta ƙulla mini. Na kwana a kan abinci, yaro na kukan yunwa a bayan katanga.

Da asuba na fito da kuɗi. Mai gidan ya ɓata fuska ya ce in mayar, shi ba mai sayar da tuwo ba ne. Wata tsohuwa, mahaifiyarsa, ta leƙo gaisuwa, sai na durƙusa na miƙa mata ƙullin guzurin na ce, "Inna, ga tsarabar jikoki." Wannan ta karɓa, ta sa mini albarka. Na hau keke ina share hawaye har na yi nisa.

Tun daga ranar na fahimci dalilin da ya sa manyanmu ke hana baƙo suɗe kwano. Ragowar da kake bari ta yaran gida ce, kuma a wasu gidajen ita ce abincin darensu gaba ɗaya. Bahaushe ba zai taɓa ce maka babu ba. Zai ce sun ci, zai ce akwai saura a tukunya, zai rantse maka ma. Kai ne za ka buɗe ido. Ka dubi rumbu, ka dubi wuyan yara, ka saurara ko ka ji daka da yamma. Ka san wane lokaci ne na shekara, domin baƙon kaka daban yake da baƙon tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. In ka ga alamar ƙunci, ka riga su: tun kafin a ɗora tukunya ka fito da shinkafarka ko taliyarka ka ce a taimaka a dafa a ci tare. Haka ba wanda ya ji kunya. Kuma ka riƙe hikimar da tsohuwar nan ta koya mini ba tare da ta ce komai ba: abin da mai gida zai ƙi karɓa da sunan biya, gidan zai karɓa da sunan tsaraba. Ganyen shayi, sukari, goro, dabino, sabulu. Ba su da nauyi a bayan keke.

Ka kuma tuna da wadda ba za ka gani ba. Mai gida shi ke yi maka maraba a zaure, amma wahalar baƙo a kan matar gida take sauka. Ita za ta ƙara daka, ita za ta ƙara zuwa rijiya, ita za ta rage kason 'ya'yanta. Ku 'yan mata da ke karanta wannan kun fi ni sanin haka. Don haka, ɗana, kada ka kwashe rabin randa ka wanke keke. In wanka kake so, ka tambayi hanyar rijiya ka ja da kanka, ka kuma cika wa gidan tulu ɗaya kafin ka dawo. Da za ka tafi ka ce wa mai gida ya isar da godiyarka ciki. Iyakarka zaure, ko da an ce ka shigo ka ji kamar gidanku ne.

Addini ya yanka wa baƙunta iyaka. Ya zo a hadisi ingantacce cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Mutane sun fi riƙe rabin farko, mai keke kuwa rabin ƙarshen ne nasa. A gidan talaka kwana ɗaya ya isa. In ciwo ko lalacewar keke ta tilasta maka ƙarawa, ka zama hannu a gidan. In ana yankan gero ka bi su gona, in ana ɗaurin darni ka riƙe igiya. Kana kuma ɗauke da wata baiwa da ba ka ɗauke ta komai ba: kusan kowane ƙauye akwai keken da aka jingine saboda sarƙa ta tsinke ko tayarsa ta sace, ko amalanken da ke jiran faci. Rabin awa da sifana da famfo ya isa a riƙa tuna ka shekaru.

Zancen keken kansa gajere ne. Ka hau irin wanda kowane mai gyara a kasuwar ƙauye ya san cikinsa, wanda za a sami tayarsa a Agie ko Takeita. Keke mai tsada da ba a samun kayansa sai Yamai nauyi ne in ya lalace a daji, kuma yana jawo ido. Ka iya faci da hannunka kafin ka bar gida, ka iya haɗa sarƙa da ɗaure birki. Babban abokin gabarka tsidau ne da ƙayar aduwa, don haka kada ka tura keke ƙarƙashin itace mai ƙaya don neman inuwa, ka ɗaga shi. Ka san iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu daga gabas maso arewa yake busowa: mai zuwa Damagaram, kusan kilomita 240 daga Maradi, da shi zai yi ta kokawa, mai zuwa Madawa da Birnin Konni kuwa tura shi za ta riƙa yi. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40, kuma ban ba kowa shawarar doguwar tafiya a lokacin ba. Ka fita bayan sallar asuba, ka sauka kafin rana ta take, ka sake hawa bayan la'asar na ɗan lokaci. Ka sha ruwa tun ƙishi bai kama ka ba. In zawo ko jiri ya same ka, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri na iya riƙe ka har ka kai likita. Gidan sauro kada ya bar jakarka. Kowane tafki ka gani kada ka faɗa, mu da muka tashi a bakin ruwa mun san tsargiya. A kan kwalta kuwa, in ka ji babbar mota a bayanka ka sauka gefe ka ba ta hanya, kada ka tsaya neman gaskiya. Ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da taimama tun kana gida, domin a mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 tana da sauƙin da Allah ya yi wa matafiyi.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, kuma ba zan sassauta ta ba.

Hanyar da na bi a 1985 da ta yau sunansu ɗaya, amma zukatan mutanen bakinta sun sha wuya. Kun san abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin Gabi da dajin Baban Rafi. Kun san labarin da ke zuwa daga wajen Jibiya. Tun 2019 dubban 'yan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jiharmu ta Maradi suna gudun 'yan bindiga, kuma masifar ba ta tsaya a iyaka ba: an kore shanu, an ɗauki mutane don kuɗin fansa. Ƙauyuka da yawa sun koyi cewa kafin a afka musu wani kan zo ya leƙa, ya ƙirga garke, ya gane gidan mai hali. To, ka tsaya a matsayin magidancin da saurayi baƙo ya zo masa da jaka da waya yana tambayar hanyoyi. In ya ɗaure fuska, kada ka ce rowa ce. In aka ce ka kwana a masallaci ko a kai ka wurin jandarma, ka bi da daɗin rai. Wanda ya buɗe maka zaure a wannan zamani ya sa wuyansa ne saboda kai, domin in wani abu ya faru a garin cikin makon, shi za a fara tambaya.

Akwai hanyoyin da ba na keke ba ne a yanzu, komai jarumtarka. Kudu da yamma da mu, wajen daji da bakin iyaka, ka haƙura da su har Allah ya kawo sauƙi. Kowace safiya ka tambayi mai masaukinka da direbobin tasha halin da gaba take ciki, kuma in suka ce kada ka bi, kada ka bi. Baƙo ko da ido makaho ne. Katin ɗan ƙasa ya kasance a jikinka, tare da takardar sayen keke, da wata 'yar takarda daga maigari ko magajin gari mai faɗin ko kai wane ne. In ƙetare kake nufi, ka haɗa da katin rigakafin shawara, ka kuma bincika halin iyaka a ranar, domin mun ga an rufe ta a 2019, mun sake gani bayan Yulin 2023. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai, ya kuma kwaɗaitar da tafiya cikin abokai. Ni dai abin da na riƙe ke nan: dare ba na mai keke ba ne ko kaɗan, kuma in ka sami abokin tafiya nagari ya fi. In kaɗaicin ka zaɓa, to ya zama na tsakanin gari da gari da rana, a hanyar da mutane ke bi, iyayenka sun yarda sun sa albarka, kuma kowace yamma wani a gida ya san garin da ka sauka da sunan wanda ya sauke ka. Tafiyar da uwa ke kuka a kanta ban ga alherinta ba.

Sai waya. 'Yan shekarun baya wani saurayi mai keke ya kwana biyu a gidan wani maƙwabcina. Yaro mai ladabi a fuska, ya ci ya sha, aka rabu da daɗi. Bayan mako guda sai ga hotuna na yawo a wayoyin gari: tsakar gidan, matar gidan tana daka ba lulluɓi, yara ba riga, tumaki a turke, da sunan unguwa a rubuce. A ƙasa ya yi dogon bayani a kan yadda talakawa ke da karamci. Na yarda da kyakkyawar niyya ya yi. Amma maƙwabcina ya yi kwanaki bai zauna a majalisa ba don kunya, ya kuma sayar da tumakin don tsoron wanda zai gani ya biyo. Da wani matafiyi ya zo bayan 'yan watanni, almajiri ne ma mai zuwa ziyara, maƙwabcin nan da ban taɓa jin ya mai da baƙo ba ya ce zaurensa ba wuri. Saurayin farko ya tafi da tabarmar na biyu bai sani ba.

Sirrin gidan da ya rufa maka asiri amana ne. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, na mata da cikin gida kuwa kada ma ka tambaya. Kada ka bayyana inda kake kwana sai ka bar wurin da nisa. Talaucin wanda ya ciyar da kai ba abin nunawa ba ne. In labari kake son bayarwa, ga gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ga kasuwanni, ga yadda harshe ke sauyawa daga Katsinanci zuwa Damagaranci kana tafe, ga rijiyoyin da zurfinsu ke ƙaruwa in ka yi arewa. Waɗannan su ne ribar mai keke, abin da na cikin mota ba ya gani. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta su, a shafin ƙarshe kuma ka jera sunayen gidajen da suka sauke ka. Wannan shafin bashi ne. Ka kira su in ka isa, ka kira su da salla, in ɗansu ya zo Maradi neman magani ko jarrabawa ya san yana da gida a Madarunfa.

Kada ka fara da Damagaram. Ka fara da zagaya tafkinmu da kaya a bayan keke, ka ji yadda yashi ke riƙe taya. Ka je Jiratawa ka ga lambunan zogale ka dawo. Ka je Maradi, kilomita 20 da ɗoriya, ka zarce Tibiri, ka kwana a gidan da ba na danginku ba, ka ga ko ka iya. Kafin duk wannan ma, in baƙo ya sauka a gidanku, kai ka karɓi aikinsa daga hannun mahaifinka: ka share zaure, ka kai ruwa, ka zauna ka ji me ke faranta maka a halinsa, me ke ƙona maka rai. A nan za ka ga kanka tun ba ka tafi ba.

Saurayin fadar nan ya bi wannan shawara. Ya je Tibiri ya dawo, ya je Cadawa ya kwana ya dawo, mahaifiyarsa ta amince. Shekaranjiya ya zo aron famfona, ya ce bayan an gama ɗaurin gero zai kama hanya. Na ba shi famfon, na kuma ba shi ƙulli biyu: busasshen kifin tafki da tiya biyu ta shinkafa. Na kwatanta masa ƙauyen nan na tsakanin Gazawa da Tasawa. Mai gidan da ya sauke ni ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, tsohuwar ma haka. Yaron da ya yi kuka a daren shi ne mai gidan yanzu, da furfura a gemunsa da 'ya'ya shida, kuma shekara da shekaru ba mu yanke zumunci ba.

Na ce, "In ka isa ka fara zuwa masallaci, ka bari liman ya raka ka. Ka ba shi wannan ka ce daga baƙon keke ne, zai gane. In an kawo tuwo ka ci rabi."

Ya ce, "To, Baba. In sun matsa fa?"

Na ce, "Za su matsa. Ka ce ka ƙoshi, ka tura akushin ciki."